Rarrabe bot da mutane a rajistar shafin intanet

Duk shafin intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira saba. Manhajojin saba irin su Apache da Nginx suna rubuta layi ɗaya a rajista kan kowace buƙata da ta shigo: adireshin IP, lokaci, fayil ɗin da aka nema, da sunan manhajar da ta nema. Buƙatu rajistar take ƙirgawa, ba mutane ba. Da yawa daga cikinsu na bot ne, wato manhajojin da ke bin shafuka da kansu suna kwasar bayanai. Idan ba a ware su ba, adadin masu karatu ya kan kumbura, mai talla kuma ya biya kuɗin idon da bai ga tallarsa ba.

Matakin farko shi ne duba suna. Googlebot na Google, Bingbot na Microsoft da GPTBot na OpenAI, wanda ya fito a 2023, duk suna bayyana kansu. Haka ma facebookexternalhit, mai ɗauko kanun labari da hotonsa idan an raba adireshin shafi a Facebook. AWStats da GoAccess suna tace irin waɗannan ta jerin sunaye.

Sai dai suna abu ne mai sauƙin jabu. Don tabbatar da Googlebot, ana neman sunan da ke bayan adireshin IP a tsarin DNS, a ga ko ya ƙare da googlebot.com ko google.com, sannan a duba ko sunan yana komawa kan adireshin nan.

Bot mai ɓoye kansa kuwa, halinsa ke tona shi: buɗe ɗaruruwan shafuka cikin minti guda, rashin ɗauko hotuna, ko fitowa daga cibiyar saba maimakon layin waya. Neman fayil ɗin robots.txt, ƙa'idar da Martijn Koster ya gabatar a 1994, shi ma alama ce, domin da wuya mai karatu ya buɗe shi.

Yawan buƙatu daga adireshi ɗaya kaɗai ba hujja ba ne. Kamfanonin salula kan haɗa masu waya da yawa a adireshin IP guda. Shafin da akasarin masu karatunsa ke shigowa ta waya, kamar yadda yake a Nijar, zai iya share mutanen gaske daga lissafi idan ya dogara da wannan ma'auni kawai.