Masallatan Sakkwato da ganuwar dutse ta Surame

A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya tarar ana gina masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo. Ya rubuta cewa shugaban maginan Bazazzagi ne, wanda mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar ya tsinto wani abu na fasahar gini. Garin bai wuce shekara 15 ba a lokacin, domin a 1809 Muhammadu Bello ya kafa shi a matsayin ribaɗi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya taso daga Sifawa ya tare a 1815.

Da tubali da azara aka yi masallatan Sakkwato na wancan lokaci. Ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe duk shekara. In aka yi sake damina ta cinye shi. Masallacin Shehu da na Bello da ake salla a cikinsu yau an sake gina su da siminti a ƙarni na 20. Sunan yana nan, filin yana nan, amma bakan gizon da magina na farko suka ɗaura ya tafi. Hubbare, inda aka binne Shehu a 1817, daga baya kuma 'yarsa Nana Asma'u, shi ma ya sha gyara, saboda masu ziyara ba sa yankewa.

Mai neman tsohon gini da bai sauya ba sai ya nufi Surame, yamma da Sakkwato, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16 ya kewaye da ganuwar dutse. An watse daga garin a farkon ƙarni na 18, babu wanda ya rushe don ya faɗaɗa. Irin wannan sa'a ce ta kare majami'un dutse na ƙauyukan Svaneti a duwatsun Jojiya, waɗanda wasunsu sun kai shekara dubu: nisa da wahalar hanya suka hana a taɓa su, har UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Sai dai can har yanzu ana ibada a cikinsu. Surame kuwa tun 2007 take cikin jerin jira na UNESCO, itatuwa na tsaga ganuwar, makiyaya na ratsa ta da shanu.