Gammon da Ya Kawo Mu Kurmi

'Yan uwa mazauna Sabo, kafin ɗayanmu ya daka wa ɗan dako tsawa a bakin kasuwa, ya dace ya san tarihin gammon nan da ke kansa.

A ƙarni na 19 fataken ƙasar Hausa kan bi madugu zuwa Gwanja sayen goro, su yada zango a Salaga. Tafiya ce ta watanni. Jakuna na ɗaukar nasu rabon, sauran kayan kuwa a ka ake tahowa da su, cikin masu dakon har da mata da bayi. In wuya ya gaji sai a yi loko, a huta, a sake ɗauka. A nan kurmi abin ya fi tsanani, domin ƙudan tsando ba ya barin jaki ya yi tsawon rai. Ƙarfin mutum shi ne abin hawa.

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, aka kafa Sabon Ibadan a 1916. Noman goro ya bunƙasa wajen Agege da Shagamu, irin nan da Yarabawa ke kira gbanja, wato dai Gwanja. To amma jirgi bai kashe dako ba, nisan kawai ya rage. Wa zai fito da goro daga ƙauye? Wa zai kai huhu tasha? Shanu ma an daɗe ana koro su da ƙafa daga Arewa.

Daga baya aka samu amalanke, sunan da muka aro daga Yarabanci, sannan baro da kurar 'yan garuwa. Taya ta sauƙaƙa wa wuya, amma har yau ƙirji da ƙafa ne injin.

Ku tambayi dattawanmu, za su gaya maku masu gida nawa ne suka fara da gammo. Amma fa akwai waɗanda suka tsufa a kai, baya ya ƙage, ba ɗaki ba kuɗin magani. Ƙungiyarmu ta ware masu wani abu a asusunta ba sadaka ba ce, bashi ne muke biya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a gumin na raye, amin.