Maganaɗisu da Hannun Manomi

A ƙauyukan Shanono, inda gona ke manne da gona, shanyewar ɓarin jiki kan raba mutum da fartanyarsa a dare ɗaya. Wasu su ce iska ce ta shafe shi. Alhali da farko naman hannun lafiyarsa ƙalau. Saƙon da ke sauko masa daga ƙwaƙwalwa ne ya yanke, bayan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe. Nan aka kafa tunanin zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa maganaɗisun da ƙarfinsa ke sauyawa yana haifar da lantarki a wayar da ke kusa da shi. Sai a 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ɗora naɗin waya a kan mutum, suka saki ƙarfin, hannunsa ya motsa ba tare da zafin lantarki ba. Na'urar awo suka ƙera, don a ga ko hanyar da ta taso daga kai zuwa yatsa tana buɗe.

Batun magani daga baya ya shigo, da aka lura cewa bugun maganaɗisun da aka jera a hankali yana kwantar da sashen ƙwaƙwalwa, mai sauri kuma yana farkar da shi. A 2005 Eman Khedr ta Jami'ar Asyut a Masar ta gwada shi kwana 10 a kan majinyata 52, waɗanda aka yi wa bugun gaske suka fi waɗanda aka yi wa na bogi murmurewa. Wani zai ce to ai magana ta ƙare. Da sauran rina a kaba: gwajin NICHE na Amurka, mai mutum 199, ya fito a 2018 bai ga bambanci tsakanin bugun gaske da na bogi ba. Sai dai duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma duka an yi musu atisayen hannu. A Asyut ma ba a dakatar da gashi ba.

Saboda haka hukuncina shi ne, iyakar abin da na'urar za ta yi shi ne sharar gona, noman kuwa na atisaye ne. Manomin Shanono da zai biya kuɗin mota har Asibitin Malam Aminu Kano don gashi ya fi bukatar a kawo masa likitan gashi asibitin garinsu, tare da na'urar awon hawan jini da ke aiki.