Siririn Tsinken Huji a Hannun Masu Ƙera Samfuri

Tsinken huji shi ne ƙarfen da ake ɗaura wa mahuji don ya ci katako, tagulla ko roba. Masu ƙera ƙananan samfurorin jiragen ruwa da na ƙasa suna aiki ne da mafi siririnsa, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, don huda wurin zura igiya ko kafa waya. Ba dominsu aka ƙirƙiro shi ba. Gadonsa suka ci daga wasu sana'o'i, kuma har da aibinsa suka gada.

Masu haɗa agogo a Turai ne suka daɗe da buƙatar ƙaramar huda, kuma da hannunsu suke yin tsinkensu. Sukan daddale bakin waya ya baje, su wasa shi, su gasa, su tsoma a kakin zuma don ya yi tauri, sannan su juya shi da ɗan baka mai tsirkiya. Irin wannan tsinke ba ya fitar da ɓarɓashi, sai an riƙa zare shi ana sharewa.

A 1861 Stephen Morse, mutumin Massachusetts a Amurka, ya fito da murɗaɗɗen tsinke mai kwari biyu da ke kwaso ɓarɓashi waje. Ya sami rajistar haƙƙinsa a 1863, aka kafa masana'anta a New Bedford a 1864. Ma'aunin lamba 1 zuwa 80 da ake bi a Amurka kuwa ya samo asali ne daga ma'aunin wayar gidan Stubs na Warrington a Ingila. Lamba na hawa, tsinke na sirancewa: lamba 80 inci 0.0135 ce, kusan milimita 0.34. Masu samfuri sun fi sayen jerin 61 zuwa 80.

Tsinken farko kan yi laushi in ya ɗau zafi. Ƙarfen da Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna a bajekolin Paris na 1900 ya magance wannan. A shekarun 1920 Jamusawa suka samar da haɗin tungsten kabaid, wanda kamfanin Krupp ya sayar da sunan Widia. Daga baya masana'antun allunan lantarki suka rungume shi, kuma tsinkunansu, sababbi da waɗanda aka sake wasawa, suka kwararo kasuwar masu samfuri da araha. A nan aka sami tangarɗa. An yi su ne don injin da ke juyi a miƙe ƙyam. A mariƙin da ake murzawa da yatsu, hannu na ɗan karkacewa sai tsinken ya karye, bakinsa ya maƙale cikin aikin.

Sauran matsalar ta washi ce. Dole gefuna biyu na bakin su daidaita, tsinin ya faɗa tsakiya. Kuskuren da ba zai dami babban tsinke ba yakan lalata ƙarami: ramin ya zarce awo, ko bakin ya zame ya karce aikin. A jerin masu araha akan tarar da wanda ba a wasa ba sam, da mai lanƙwashewa don bai sha wuta daidai ba, da lambobi biyu masu kauri ɗaya. Tsinken ya yi ƙanƙantar da ba a iya buga masa lamba, shi ya sa ƙwararru kan auna kowanne, su duba bakinsa da gilashin ƙara girma, su fara yi wa wurin alama da allura kafin su huda.