Baƙon Maharbi a Dajin Wani

A Ingila da Amurka yawancin daji yana da shinge, yana kuwa da mai shi. Idan abokinka ya kira ka farauta a filinsa, kafin ka ɗauki bindiga sai ka tambaye shi inda iyakarsa ta tsaya, da irin dabbar da ya yarda ka harba. In ka wuce ta ƙofar shinge ka rufe ta, in kuma ka yi sa'a ka kai masa tsoka. Saboda haka ɗalibin da ya zo ƙasar Hausa, ya ga daji shimfiɗe ba shinge ba ƙofa, ya kan zaci ba na kowa ba ne. To, ba haka abin ya ke ba. Dajin Hausa yana da masu shi tun zamanin da, baƙon maharbi kuwa yana da hanyar da ya ke bi ya shiga.

Da fari ya kamata mai karatu ya san irin naman da a ke magana. Dabbar nan da Turawa su ke farauta, mai ƙaho kamar reshen itace wanda ya ke faɗuwa ko wace shekara, babu ita a ƙasar Hausa. Masu fassara su kan kira ta barewa don kawai sun yi kama. Namun da maharban Hausa suka sani su ne barewa, da gada, da mazo, da kanki, da gwanki, da ɓauna, a da kuma har da giwa da zaki. Sa'an nan akwai bambanci tsakanin maharbi da ɗan farauta. Maharbi sana'arsa ke nan, galibi gadonta ya yi, ya kan tafi shi kaɗai da kwari da baka ko bindigar toka, ya san dafin kwankwani, ya san magani. Wani ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsun, har ya matsa kusa da nama. 'Yan farauta kuwa taro ne na samari da magidanta, su kan fita da rani da karnuka da gora da barandami, makaɗa suna zuga su.

Tarihin Hausawa kansa da maharba ya fara. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga da Turanci a 1908, ya buɗe ne da labarin zuriyar Dala da Barbushe, da ƙaton maharbin da ya ke kashe giwa da sanda. Garuruwa da yawa in ka tambayi tsofaffinsu wa ya kafa garin, sai su ce wani maharbi ne ya fara kafa bukka a gindin wata kuka ko wata tsamiya, mutane suka zo suka same shi. Wanda ya riga kowa zuwa shi ya san rafi, ya san mashayar namu, shi ne kuma a ke cewa ya yi alkawari da iskokin wurin. Daga nan ne ikon daji ya samo asali.

Labarin Bayajida ma, in an duba, labarin baƙo ne da ya yi kisa a ƙasar wani. An ce ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa wai ita Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ba a samun ruwa sai ran Jumma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiyar Kusugu. Ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijiyar ya adana. Da gari ya waye mutane da yawa suka ce su suka kashe ta, amma ba wanda ya iya nuna kan. Tsohuwar nan ce ta ba da labarin baƙonta, aka kira shi gaban Daurama, ya fito da kai. Abu uku ke cikin wannan labari waɗanda maharba suka riƙe: baƙo ya sami masauki tukuna, ya riƙe shaidar abin da ya kashe, maganar kuma ta ƙare a gaban mai ƙasa.

A ƙasar Hausa ta da, ƙasa kashi kashi ce. Akwai gona, wadda ke hannun mai nomanta. Akwai saura, watau gonar da aka bari ta huta, amma har yanzu an san mai ita. Akwai hurumi, wanda aka keɓe don kiwo ko maƙabarta ko amfanin gari. Bayan waɗannan sai dawa. Dawa tana hannun Sarki, shi kuma ya danƙa ta ga hakimi da dagaci. Amma wanda ya ke lura da sha'anin nama shi ne shugaban maharba, wanda a ke kira Sarkin Dawa ko Sarkin Baka. A ƙasar Maraɗi da wajen Birnin Ƙonni, inda al'adun Azna suka daɗe, akwai bikin da a ke kira buɗin daji, wanda a ke yi ko wace shekara bayan kaka. Sunan kaɗai ya isa ya nuna cewa a wurinsu daji abu ne da a ke rufewa a buɗe, kamar ɗaki.

To, ga yadda baƙon maharbi ya kan yi. In ya iso gari ba ya zarcewa daji, ko da ya ga sawun nama a hanya. Ya kan nemi gidan abokinsa, ko gidan wani maharbi ɗan'uwansa a sana'a, ya yi sallama, ya jingine makamansa a zaure. In ya sha ruwa ya huta, sai mai masaukin ya kai shi wurin Sarkin Dawa da ɗan goro a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo na yi daga ƙasar Katsina, maharbi ne, ya zo neman abin miya." Sarkin Dawa ya ce, "Madalla. Ɗan wane ne? Wa ya koya masa?" Tambayar nan ba ta raini ba ce. Maharba sun san juna nesa da kusa, in baƙo ya ambaci ubansa ko ubangidansa, sau da yawa a kan tarar an taɓa cin tuwo tare. Daga nan a kai shi ya gai da dagaci. Tun daga ran nan laifinsa yana wuyan mai masaukinsa, wanda ya taɓa shi kuma ya taɓa mai masaukin.

Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Ran fita ta fari baƙo ba ya tafiya shi kaɗai. Mai gida ya kan nuna masa iyakar dajinsu da ta maƙwabta, da inda aka kafa tarko, da burtalin da shanun Filani su ke bi, da kurmin da ba a shiga, da itacen da ba a sara. Ba ya harbi wajen da ya ji motsi sai ya ga abin da idonsa, gama mai itace da makiyayi su ma suna cikin dajin. Ba ya sa wuta sai an yarda, don ƙunar daji ta kan ci rumbu da amfanin da ba a kwashe ba. In ya tarad da nama cikin tarkon wani ba ya ɗauka. Abin da ya kan yi shi ne ya yanka shi don kada ya mutu mushe, ya aika a gaya wa mai tarko. In ya ji wa nama rauni ya gudu ya shiga dajin wani gari, sai ya bi ta wurin maharban can, su taya shi bin jini.

Wajen rabo ne a ke gane baƙon kirki. Al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, amma tushenta ɗaya ne: babban nama ba ya wuce gari ba a sani ba. A wurare da yawa cinya ta mai gari ce, Sarkin Dawa yana da nasa kason, mai masauki da nasa, wanda ya taya ɗauka shi ma ba ya komawa hannu wofi. A da fatar zaki da ta damisa a kan kai wa Sarki, haka kuma hauren giwa ba a sayar da shi a ɓoye. Baƙon da ya yi ƙwauron cinya ɗaya ya rufe wa kansa daji, ya kuma ja wa abokinsa kunya, wadda ta fi hasarar nama zafi.

Da Musulunci ya yi ƙarfi, musamman bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, sai alƙalai suka riƙa duba irin waɗannan rigingimu da littattafan Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan, ta nuna farauta halal ce, amma yin ta don wasa kawai abin ƙi ne. Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya shiga cikin maganar sosai. Nama na wanda ya riga kama shi ne. In mutum ya koro nama da nufin ya faɗa tarkon wani, ba kuwa zai kamu ba sai da su biyun, to, sun yi tarayya gwargwadon aikin ko wannensu. In mai kora ya riga ya fid da rai, naman ya faɗa tarko da kansa, na mai tarko ne. In ya koro shi har cikin gidan wani, nasa ne, amma in naman ne ya shiga don kansa, na mai gida ne. Mai karatu zai lura shari'ar nan ba ta ce nama na mai ƙasa ba ne tun yana yawo. A nan ta saɓa da dokar Ingila ta da, inda bayan 1066 sarakunan Norman suka keɓe dazuzzuka, talakan da ya harbi naman Sarki ya sha azaba mai tsanani. A Hausa nama na Allah ne har a kama shi. Abin da ke da mai shi shi ne hanyar shiga.

Amma kada a zaci kullum lafiya a ke rabuwa. A farautar gayya, inda gari ya kan kira maƙwabtansa su haɗu a daji ɗaya, an sha yin faɗa a kan zomo guda. Kare ya kama, wani ƙato ya ƙwace, 'yan tauri su zare wuƙaƙe, a koma gida da rotse. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a irin wannan rana wani ke gudun, wani ke ci. Don haka ne hukuma ta sha hana irin wannan fita, tun zamanin En'e.

Zuwan Turawa ya juya al'amarin. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna. A 1916 aka yi dokar kiyaye namun daji, wadda ta hana kashe waɗansu dabbobi sai da lasin. Razdan da Di'o su kan fita harbin zabi da fakara da barewa, maharbin gari yana gaba yana nuna musu sawu. Ga baƙo, ga ɗan gari, amma yanzu baƙon ne ke ba da izini. Daga baya aka keɓe gandun daji na Yankari a ƙasar Bauci a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata dokar namun daji a 1963. Dokar ƙasa ta 1978 ta mai da ƙasar ko wace jiha hannun gwamnanta. Dokokin nan sun tsirar da giwayen Yankari, amma sun bar Sarkin Dawa da suna fiye da iko. Noma kuma ya ci saura, ya ci hurumi, har maharban Kano da Katsina suka riƙa tafiya nesa, zuwa kudu, neman naman da ya ƙare a gida.

Nesa kuwa ba kowa ya san uban mutum ba. Tun da 'yan fashi suka mamaye dazuzzuka kamar Rugu, da masu tayar da ƙayar baya a Sambisa, duk wanda aka gani da bindiga a baƙon wuri abin tsoro ne, ko da ya ke maharba ne suka taimaki soja ƙwato garin Mubi a watan Nuwamba na 2014. A ƙarshen watan Maris na 2025 waɗansu mafarauta mutanen Kano suka taso daga wajen Fatakwal cikin babbar mota, za su gida yin Salla. Da suka iso Uromi a Jihar Edo sai 'yan banga suka tsai da su, suka ga bindigogin toka, aka yi kururuwa wai masu satar mutane ne. Taron jama'a ya kashe mutum 16 daga cikinsu. Matafiya ne, hanya kawai suka bi, alhakin jininsu yana kan waɗanda suka kashe su. Gwamnan Edo ya tafi Kano ta'aziyya. Amma a ranar da abin ya faru, a garin nan babu zauren da suka jingine makamansu, babu wanda aka saurara wa da ya ce, "Baƙina ne, na san su."

A yau maharbi mai tafiya ya kan riƙe lasin bindiga da katin ƙungiyar maharba a aljihu. Duk da haka tsofaffin sana'a suna gaya wa yaransu abin da aka gaya musu: in ka isa gari ka nemi mai masauki kafin ka nemi sawu, ka bar shi ya kai ka wurin mai gari da hukuma, in ka kashe ka kai cinya, in za ka tashi kuma ka yi sallama da rana, kowa yana gani.