Jiragen Yaƙin da Ƙasarsu Ta Rushe

Sau da yawa idan muna koyar da tarihin Yaƙin Basasa, ɗalibanmu a nan Mainika ta ƙasar Gwarzo kan ɗauka cewa a kudu kaɗai aka yi shi. Alhali kuwa a watan Agusta 1967 jirgin Biyafara samfurin B-26 ya kai hari filin jirgin saman Kano, inda ake harhaɗa jiragen MiG da Tarayyar Sobiyat ta kawo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon.

Rundunar saman Biyafara ba ta taka kara ta karya ba. A watan Mayu 1969 wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 5, aka ɗaura musu rokoki, suka yi wa jiragen tarayya ɓarna a Fatakwal, Binin da Inugu. Amma da Biyafara ta miƙa wuya a Janairun 1970, sai rundunar ta zama tarihi.

Kada mu ce ƙanƙanta ce ta jawo. Takwararta ta Biyetnam ta Kudu, wadda aka kafa a 1955, Amurka ta tara mata jirage kimanin 2,000. Da tallafin mai da kayan gyara ya ragu, da yawansu suka kasa tashi. Ranar 30 ga Afrilu 1975 Saigon ta faɗi, bayan matuƙa da dama sun tsere Tailan da iyalansu. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

'Yan'uwa marubuta, dattawan da suka ga 1967 suna ƙarewa. Mu ɗauki alƙalami mu je zaurukansu tun da sauran lokaci. Allah ya sa mu dace.