Tarihin Adana Ɓaure a Kwalba



Ɓauren da ake nomawa a ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Kudancin Turai ɗan uwan namu na daji ne, sai dai ya fi shi tsoka da zaƙi. Matsalarsa ɗaya: da ya nuna, kwanaki kaɗan ya lalace. Shi ya sa shekaru dubbai mutane suke shanya shi a rana, ko su dafa shi da zuma. Da sukari ya yi araha, sai aka koma dafa shi da sukari har ya yi kauri, domin sukari yana janye ruwan da ƙwayoyin cuta ke bukata.

Kwalba kuwa daga baya ta shigo. Wani Bafaranshe mai sana'ar alawa, Nicolas Appert, ya yi shekaru yana zuba abinci a kwalabe, ya toshe bakinsu, ya tafasa su cikin ruwa. A 1810 gwamnatin Faransa ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya wallafa dabarar, ya kuma wallafa. Dabararsa ta yi aiki, amma bai san dalili ba. Sai bayan kusan shekara hamsin binciken Louis Pasteur ya nuna cewa zafi ne ke kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci. A 1858 kuma John Landis Mason ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa a Amurka, aikin ya shiga kicin ɗin gidaje, musamman a jihohin kudu inda ɓaure ke yawa a bayan gida.

Amma akwai sauran rina a kaba. A 1895, a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam, wasu makaɗa suka ci nama mai gishiri, uku suka mutu. Daga nan Emile van Ermengem ya gano ƙwayar da ake kira Clostridium botulinum. Tana jure zafin tafasasshen ruwa, tana kuma yaɗuwa inda babu iska, wato cikin rufaffiyar kwalba. Abin da ke hana ta shi ne tsami, idan ma'auninsa na pH bai wuce 4.6 ba. Ɓaure kuwa, saɓanin yawancin 'ya'yan itatuwa, ba shi da isasshen tsami.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin adanawa na yau suka wajabta zuba ruwan lemun tsami a ɓaure kafin a tafasa kwalbar. Mai ganin don ɗanɗano aka sa shi, har ya bar shi, yana wasa da ran iyalinsa, domin gubar ba lallai ta yi wari ko ta sauya launin abincin ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.